Kuraishawan Gidanmu

Shekarar da na dawo Gummi daga karatu a Sakkwato, kayana ba su wuce takardar shaida guda ba, da wando ɗangalalle, da littafin tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda na karanta har bangonsa ya rabu da shi. Gab da shekara ta dubu biyu ne, lokacin da kowane saurayi mai ɗan gemu a yankinmu yake jin shi kaɗai aka bar wa gyaran duniya. Gashin gemuna ana iya ƙirga shi a zama ɗaya, amma a jin kai babu wanda ya kama ƙafata.

Babin da ya fi kama ni a littafin nan shi ne na yadda Larabawa suka tarbi Musulunci da farko. Na san shi ciki da bai. Na san raunana da bayi da matasa ne suka fara miƙa wuya, manyan Kuraishawa kuwa suka fara da dariya da laƙabi. Da dariya ta ƙi aiki suka koma lallashi, suka yi tayin dukiya da mulki da aure. Da wannan ma ya ci tura sai azaba, sai ƙauracewa, aka killace dangi guda a cikin wani kwari, ba ciniki da su, ba auratayya. Ƙabilun karkara kuma da yawansu suka naɗe hannu suna jiran su ga wa zai rinjayi wani, sai bayan Makka ta buɗe suka riƙa turo wakilai ayari-ayari. Duk wannan gaskiya ne, kuma har yau in na karanta jikina yakan yi sanyi. Inda na ɓata shi ne na ɗauki tarihin kamar jadawalin makaranta, na zaci duk wanda ya zo da gaskiya dole sai an bi da shi ta waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Allah ya tsare ni, haukata ba ta wuce nan ba: a sahun raunanan musulmin farko na ajiye kaina. Saura Kuraishawa, su kuma na duba ko'ina ban samu ba sai a gidanmu.

Mahaifina ya rasu ina goye. Yayansa, wanda muke kira Baffa, shi ya ɗauko mu ni da Inna ya ware mana sashe a gidansa, shi ya yi mani kaciya tare da 'ya'yansa, shi ya tura ni Sakkwato alhali nasa suna fadama. Manomin shinkafa ne, in ruwa ya janye ya saɓi komarsa ta kamun kifi ya shiga gulbi. Karatunsa bai wuce abin da zai yi sallah da shi ba, amma ban taɓa farkawa da asuba na tarar da butarsa a bushe ba.

A gidan akwai al'ada. Kowace safiya, in rana ta ɗan ɗago, Baffa zai zauna a kan buzunsa a zaure, mazan gida su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tsuguna, a yi gaisuwa mai tsawo. A nan yake jin wa ya kwana da ciwon kai, a nan yake raba aikin ranar. Haka na tashi ina yi, ban taɓa ganin komai a ciki ba sai da na ji wani malaminmu ya ce sunkuya wa wanin Allah ba ya halatta. Ba fatawa na zauna rubutawa ba, malamai sun daɗe suna magana a kai kuma ba su gama ba. Ni dai a lokacin na samu abin da nake nema.

Washegarin dawowata na shiga zaure da takalmina, na tsaya ƙiƙam, na miƙa wa Baffa hannu na yi sallama da murya irin ta mai wa'azi. Na kwana ina shirya hujjoji, har na tanadi abin da zan ce in ya ɗaga sanda. Ya dubi hannun, ya dubi fuskata, sannan ya miƙo nasa ya kama.

"Ka kwana lahiya? Ya gajiyar mota?"

Shi ke nan abin da ya ce. Ya juya ga na bayana yana tambayarsa ko an gyara kwalekwale. Na fito raina a ɓace kamar wanda aka yi wa ƙwace, domin hujjojina duk suna nan cikin cikina ba wanda ya nema.

Allah ya taimake ni da 'yan'uwana. Kafin mako ya zagayo sun laƙaba mani mai gaisuwar soja, in na doso majalisa sai wani ya miƙe ya ƙame ya sara mani. Wani zai ji haushi, ni kuwa daɗi ya kama ni. Ga mataki na farko ya zo daidai yadda littafi ya faɗa. Na riƙa wucewa ta gabansu da gangan, kaina a sunkuye, ina haƙurin da ba wanda ya san ina yi.

Bayan kamar wata biyu Baffa ya kira ni ya ce ya yanka mani wuri a fadama, kusa da bakin ruwa inda shinkafa take yin kyau, kuma in akwai yarinyar da nake so in faɗa a je a nema mani. Murna ta kama ni. Dukiya da aure, a zama ɗaya! Na gyara tsayuwa na ce masa ba za a saye ni da abin duniya ba, ko da fadamar Gummi gaba ɗaya za a ba ni ba zan bar abin da nake kai ba. Ya dube ni, ya ce to, ba laifi, wurin yana nan. Ko kusa bai gane abin da nake nufi ba, kuma da gaskiyarsa, don duk ɗan gidan da ya kai munzali haka ake yi masa. Na san da haka sarai, a gabana aka yi wa uku.

Inna ce ba ta ƙyale ni ba. Ta same ni a ɗaki ina duƙe a kan littafi, ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Kai yaron ga, mi ka damun ka? Hwadama anka ba ka, ba sarautar Makka ba."

Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce lallai kam, ita da ta haife ni ba ta gane ni ba, sai littafi. Na sa ta cikin masu rauni waɗanda zuciyarsu take tare da gaskiya amma tsoron manya ya hana su bayyanawa. Da ta san inda na ajiye ta, da muciyar nan ta yi aiki.

Daga nan na zauna jiran ƙauracewa, ta ƙi zuwa. Tuwon shinkafa yana zuwa ɗakina da miyar kifi, wani lokaci ma kan kifin ni ake ba. Abin da ya fara damuna shi ne zauren. Kowa a tsugune, har da yayyena masu 'ya'ya, ni kaɗai a tsaye kamar turke, Baffa yana ɗago kai sama kafin ya ga fuskata. Kunya nake ji, amma ban yarda na kira ta kunya ba. Sai na fara makara da gangan. Sai na koma fita ta ƙofar baya wajen garken awaki. Da daddare kuma na bar zama cin tuwo da su a ƙofar gida, na ce ina nazari. Kafin damina ta ƙare sai in yi kwana goma ban haɗa ido da Baffa ba, muna gida ɗaya. In abokaina suka tambaye ni ya gida, sai in yi ajiyar zuciya in ce ai sai haƙuri, an yanke ni.

Da aka ce wata makarantar Islamiyya a Anka tana neman malami, ban ko yi shawara ba. Na ce wa Inna zan yi hijira. Ta ce in dai Anka ce, ta san masu kai kifi can su dawo a yini ɗaya, ba ta taɓa jin sun kira abin hijira ba. Ban yi wa Baffa sallama baki da baki ba, saƙo na bayar a gaya masa.

A Anka na samu abin da nake so, wato mutanen da ba su san ni ina yaro ba. Da safe in koyar da yara, bayan la'asar in karantar da manya, ranar kasuwa kuma in hau bayan mashin mu nufi Bukkuyum ko ƙauyukanta wa'azi, hanya tana jijjiga mu har sai hanjin mutum ya koma wuyansa. Duk inda na je babin nan nake karantawa, don shi na iya, kuma in ina yi har muryata takan yi rawa. Duk kaka kuwa sai direban motar Gummi ya sauke mani buhun shinkafa a ƙofar makaranta ya ce daga gida. Na yanke wa kaina cewa Inna ce take aikowa a ɓoye. Inna ba ta da ko taki ɗaya a fadama, kuma buhu ba ya fita daga rumbun gidan nan Baffa bai sani ba. Wannan ma na san shi, na dai ci shinkafata na yi shiru.

Wata ranar kasuwa a Adabka ina ba da labarin ƙauracewar nan. Na faɗi yadda Kuraishawa suka rubuta takardar ƙauracewar suka rataye, yadda ake jin kukan yara saboda yunwa daga bayan kwarin. Mutane suka yi ta matsowa. Daɗin baki ya kwashe ni, na ce kada su zaci abin ya wuce, ga ni nan a gabansu, gidanmu sun yanke ni saboda gaskiya. Wasu suka yi salati. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa har da share hawaye.

Sai wani dattijon Bafulatani da ya jingina da sandarsa a gefe ya tambaye ni yadda aka yi abin ya ƙare. Na gaya masa wasu daga cikin Kuraishawan ne da kansu suka tashi suka ce ba za su ci su ƙoshi danginsu suna mutuwa da yunwa ba, har akwai wanda yakan ɗora wa raƙumi abinci ya kai shi bakin kwarin ya sake shi ya shiga. Ya tambaya ko waɗannan sun musulunta a lokacin. Na ce a'a. Ya jinjina kai ya ce to, ashe cikin Larabawan ma akwai masu kunya da zumunta, ya ji daɗin wannan wurin fiye da ko'ina. Sannan ya dube ni sama da ƙasa, ga kumatuna sun cika, ya ce ni kuma wa yake turo mani nawa raƙumin? Aka yi dariya. Na ce Allah ne mai ciyarwa, na yi maza na rufe da addu'a. Sau nawa na karanta shafin nan, ban taɓa tsayawa a kan mai raƙumin ba, saboda ba shi da amfani a labarin da nake ba kaina.

Na manta cewa 'yan Gummi suna cin kasuwar Adabka.

Shekara biyu da 'yan watanni ina Anka. Nakan leƙa gida da sallah, in shiga wurin Inna, in tsaya daga nesa in ɗaga wa Baffa hannu cikin taro, in gudo. Ran nan bayan la'asar muna zaune a rumfar makaranta da ɗalibaina manya, magidanta kusan goma sha, sai na hango mashin ya tsaya, wani tsoho yana saukowa da ƙyar. Baffa ne, cikin babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne shekarar wakilai ta zo. Ga shugaban Kuraishawa da kansa ya tako. Kafin ya ƙaraso har na fara tsara kalmomin afuwa, masu taushi amma da ɗan darasi a ciki, yadda ɗalibai za su amfana.

Ya zo bakin tabarma ya tuɓe takalmansa. Ina ƙoƙarin miƙewa in ba shi hannu, sai na ga ya dafa gwiwa yana yin ƙasa a hankali, ƙasusuwansa suna ƙara, har ya tsuguna a gabana. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya tsallaka da ni gulbi. Ɗalibaina suka dubi juna, don ba su san ko wane ne ba.

"Malam, an wuni lahiya?" Ya numfasa. "Na samu kujera bana, in Allah ya so za ni Makka. Shi na niz zo in roƙe ka gahwara."

Haka ake yi a wurinmu. Wanda zai tafi aikin Hajji yakan bi gida-gida, dangi da maƙwabta da duk wanda suka taɓa saɓawa, ya nemi yafiya, don ba ya so ya tsaya a gaban Allah da hakkin wani a wuyansa. Ashe ya gama zagaye Gummi, ni kaɗai na rage. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mani hannu alamar bai gama ba.

"An ce mani ka hwaɗi ga kasuwar Adabka wai mun yanke ka. Mutane na ta tambaya ta mi niy yi ma marayan ƙanena. Na zamna na yi ta tunani, ban gano ranar ba. Hwaɗa mani rad da munka yi, in san abin da ni ka roƙo ka yahe."

Ba gatse yake yi ba. Da gatse ne da na samu abin kamawa. Da gaske yake tambaya, idonsa a kaina, yana jira in faɗi rana. Na duba cikin kaina tun daga safiyar da na shiga zaure da takalmi har zuwa wannan la'asar, ina neman rana ɗaya tak da aka hana ni abinci, ko aka ƙi amsa sallamata, ko aka rufe mani ƙofa. Babu. Duk ranakun da na samu nawa ne: ranar da na fara bin ƙofar awaki, ranar da na bar cin tuwo da su, ranar da na tafi ban yi sallama ba. In akwai wanda ya rubuta takardar ƙauracewa a gidanmu ya rataye, ni ne, ni kuma na zauna ina kukan an killace ni.

Ban san lokacin da na sauko daga kan buzun malanta ba. Na ce masa babu rana, Baffa, ƙarya na yi. A gaban ɗalibaina na faɗa, wasunsu ma suna wurin a Adabka. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, mai majina, ba irin na kan mumbari ba. Shi kuwa sai cewa yake to alhamdu lillahi, to madalla, kamar wanda aka sauke wa kaya, sannan ya ce in kama shi ya tashi don gwiwar ta riƙe. Mu biyu muka ɗaga shi da wani ɗalibina. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce zai koma, mai mashin yana jira, kuma bai sallami masu aikin fadama ba.

Na bi shi Gummi bayan kwana biyu, amma gidan cike yake da masu ban kwana, ban same shi shi kaɗai ba har muka raka shi tasha. Sai na ƙudura a raina cewa ranar da ya dawo, a gaban kowa, zan tuɓe takalmi a bakin zaure in tsuguna in gaishe shi yadda na saba ina yaro. Ban tsaya neman hujja ba a wannan karon. Na san dai akwai abin da na ƙwace wa tsohon nan, kuma ina so in mayar masa. Makonnin da ya yi a can, kullum sai na raya yadda abin zai kasance, har na zaɓi rigar da zan sa. Ka ga ko a tuban ma ban bar son a gan ni ba.

Ya dawo lafiya, ya rame, ya yi baƙi, da farar hula da muryar da ta dishe saboda mura. Washegari da safe zaure ya cika, ana ta shan zamzam a ɗan ƙaramin kofi ana karɓar dabino. Na jira layi ya zo kaina. Na tuɓe takalmi, na shiga, na fara yin ƙasa. Sai ya yi wuf ya kama damtsena da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"A'a, Malam, tsaya. Na ga Larabawan ga naka da idona. Tsaye su ka gaisawa, babba da yaro, su ba juna hannu su rungume. Ashe kai ad da gaskiya."

Na ce Baffa ka bar ni, ko sau ɗaya. Ya yi dariya ya ce yanzu ya dawo an wanke shi tas, kada in sa ya fara ɗibar zunubi tun bai kwance kaya ba. Ya juya ga 'yan'uwana ya ce daga yau kowa ya ba shi hannu, an bar tsugunno a gidan nan, ga malami Allah ya ba su suna ta wasa da shi. Wanda ya fi kowa sara mani a da ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Haka na ci nasarar da na yi shekara uku ina nema, kuma ban taɓa jin abu mai ɗaci kamarta ba. Baffa ya ƙara shekara shida a duniya bayan nan. Na dawo Gummi, na karɓi wurin nan na bakin ruwa, na yi aure, kowace safiya ina zuwa zaure. Na gwada sau da yawa, in na ga hankalinsa yana wani wuri sai in fara lanƙwasa gwiwa, shi kuma ko yana magana da wani sai ya miƙo hannu ya tare ni. Har ya koma ga Allah bai bar ni na kai ƙasa ba.